Kun Gama, In Goge?

Masu karatuna, sannunku da haƙuri. Wata baiwar Allah ta turo mini saƙo cewa na cika jan rai, in faɗa muku kawai ko zan auri mutumin nan ko ba zan aure shi ba, kowa ya huta. 'Yar uwa, da amsar tana hannuna da ban ƙone miki data ba. Ki dai gyara zama, don abin da ya faru makon nan ya fi ƙarfin eh ko a'a.

Ga waɗanda suka same mu a hanya, ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta kuɗi, ina koyar da darasin zamantakewa. Mai nemana shi ne malamin lissafi, kuma shi ke kula da da'ar makarantar. Yara suna kiransa Agogo a bayan idonsa, saboda ba ya gama magana bai kalli tsintsiyar hannunsa ba. Ni ma haka na ajiye shi a waya, bai sani ba. Mai makarantar gwaggonsa ce. Shi ya yi mini hanyar aikin bayan rasuwar Baba, shi ya nema wa ƙanwata Auta gurbin karatu kyauta. Bai taɓa goranta mana ba, kuma wani lokaci nakan ji da ya goranta da na fi samun sauƙin numfashi. Ranar Asabar manyansa za su zo wurin Baffa a tsayar da magana.

A makarantarmu ba a zama inda aka ga dama. Sakamakon zango ke raba wuri: ta ɗaya a bencin farko kusa da taga, ta biyu a gefenta, haka har a dangana da bango. Agogo ne ya kawo tsarin, yana kuma alfahari da shi. Yakan ce benci bai san 'yar wane ba, abin da yarinya ta shuka a kansa za ta zauna. Da gaskiyarsa ta wani gefen, don 'yar marigayi direba ce a gaba, 'ya'yan masu motocin da ke cika bakin get da yawansu suna can baya. Tun da Auta ta shiga makarantar ba ta taɓa barin bencin farko ba. Yanzu tana ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta ƙarato.

Yawancin karatunmu a allo yake. Malami ya cika allo, yara su kwafa, ya ɗaga dasta ya ce, kun gama? Layin gaba su ce, mun gama. Ya goge ya ci gaba. Muryar da ke fara fita kullum ta Auta ce, sauran su ɗora a kai. Ba wanda ya naɗa ta. Hannunta ne da sauri, bakin ya bi hannun.

To, ranar Litinin manhaja ta kawo ni kan adalci a zaman jama'a. Na sa atamfata mai ruwan toka, na shiga da fara'a, na ce kowa ta faɗi abin da ta fahimta da kalmar. Wata ta ce a raba komai daidai wa daida. Wata ta ce a'a, mai yunwa da ƙosasshe ba a zuba musu abinci ɗaya. Wata mai tsiwa daga tsakiya ta ce adalci shi ne malamin da ya makara shi ma a ba shi tsintsiya ya share filin makaranta, ajin ya ɗauki dariya har da buga benci. Wata ta ce ita dai a dawo mata da biron da aka sace mata a zangon bara, daga nan sai a yi maganar sauran duniya.

Daɗin darasi ya kwashe ni. Na ce musu adalci ba sai an je kotu ake ganinsa ba, mutum ya fara duba ɗakin da yake zaune. Don in nuna musu, na ce layin gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, na wannan darasin kawai. Wasa na ɗauke shi, irin dabarar da ake koya mana don kada yara su yi gyangyaɗi. Ashe allura ce za ta tono garma.

Na cika allo. Wata daga cikin sababbin 'yan gaba, don tsokana, ta kwaikwayi muryar Auta ta ce mun gama. Aka yi dariya, na goge. Da na waiga sai na ga Auta a jikin bango, biro a sama, baki a buɗe, kamar wadda aka ƙwace wa kwano tana tsakiyar ci.

Muka kama hanyar gida ni da ita har muka kusa kwanarmu. Sannan ta ce ashe janareta a bayan bangon ajinsu yake, muryar malami rabinta ke isowa. Ta ce ƙasan allo ba ya ganuwa saboda kawunan mutane, sai ka miƙe ka zauna, ka miƙe ka zauna, kafin ka gano inda ka tsaya an goge. Na ce to ai shi ya sa ake son mutum ya dage ya matso gaba. Ta dube ni ta kawar da kai.

Washegari Agogo ya shiga ajinsu, ya cika allo da lissafi, ya ɗaga dasta ya ce kun gama. Shiru. Auta ta ajiye biro ta harɗe hannu, ba ta ce uffan ba. Ta kusa da ita ta buɗe baki, ta ga Auta ba ta motsa ba, ta haɗiye. Haka shirun ya bi layi har bango. Ya maimaita, shiru. Sai da ta ƙarshen ajin, wata doguwar yarinya da suke kira Hawainiya saboda nawar hannunta, ta ɗago kai daga littafi, sannan Auta ta ce mun gama.

Za ku ce me ya hana shi gogewa kawai? Ni ma na tambaye shi. Ya ce ya goge, a karo na biyu. Amma goge allo a gaban aji guda da ya zuba maka ido bai ce ka goge ba, ya ce ji ya yi kamar yana sata da rana tsaka.

Kafin Laraba abin ya bi duk darussan ajin. Ofishin malamai ya ɗauki zafi, fankar sama tana juyawa a banza. Malamar kimiyya ta ce yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne, Allah bai yi mutane daidai ba, mu ne za mu yi? Malamin Turanci ya ce shi ba ya ƙin a jira, amma a ƙara masa awa a rana. Wani dattijo mai koyar da tarihi ya ce shi fa abin ya yi masa, tun da ya fara koyarwa bai taɓa samun zama a aji ba sai makon nan, Allah ya yi wa yaran albarka. Ba wanda ya yi dariya sai shi. Ni kuwa na duƙufa kan littattafan da nake dubawa, ina jin idanu suna yawo a bayan wuyana. Duk sun san daga darasin wa abin ya taso, kuma sun san ƙanwar wa ce a bencin farko.

Ina shiga gida wayata ta yi ƙara, saƙon Agogo ne.

“Zan zo bayan la'asar. Ba hira ba ce.”

Ko ɗan hoton furen da ya saba liƙawa babu. Na rubuta to, Allah ya kawo ka. Na goge Allah ya kawo ka, na ga kamar ya yi sanyi, na sake rubutawa.

Ya zo cikin farar riga mai guga kamar ba daga aiki yake ba, turaren nan nasa da nake ganewa tun daga soro. Na sa mayafina ruwan goro, wanda ya taɓa cewa yana yi mini kyau, don Allah kada ku yi mini dariya, mai neman sassauci da abin da ya samu yake zuwa. Muka zauna a bencin ƙofar gida. Ruwan da na kawo masa bai taɓa ba.

Ya ce Hajiya, wato gwaggonsa, ta ji labari, ranta ya ɓaci. Ta ce ba za ta ɗauki nauyin yarinya ta kuma koya wa 'ya'yan mutane tawaye ba, a janye gurbin. Shi ya tsaya ya roƙa, har ta yarda da abu ɗaya. Gobe a darasina zai shigo ya tsaya a bakin ƙofa. In rubuta, in tambaya, Auta ta amsa kamar yadda ta saba, ba tare da ta waiga baya ba. In ta amsa, magana ta mutu. In ta yi shiru, ta ɗauki jakarta daga nan.

Na ce saura kaɗan fa jarrabawa, wace makaranta za ta karɓe ta yanzu? Ya ce shi ya sa ya zo da kansa.

Sai na gwada dabara. Na ce to ta ce na gama mana. Gaskiya ta faɗa, ta kuma amsa wa malaminta, ba raini a ciki.

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun zuwansa. “Ke ma kin san ba ita nake tambaya ba. In ta ce na gama, sai in bi sauran ɗaya bayan ɗaya? Aji ba ya tafiya sai wani ya ce mun.”

Daga nan ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana kallon takalminsa. Ya ce shi ma a layin baya ya tashi, a makarantar da ko benci babu. Ba wanda ya taɓa jiransa. Lokacin da yara ke cin abinci shi yana bin masu littafi yana aro yana kwafa, har ya wuce su. Ya ce da an jira shi da har yau yana baya, yana jiran a jira shi. Ya ce saura babi da yawa ba a taɓa ba, masu tsara jarrabawa kuwa ba su san Hawainiya ba, ba za su rage tambaya saboda ita ba. In aka bi tafiyarta, ajin duka zai shiga ɗakin jarrabawa da rabin karatu, har ita. Wanne ne zaluncin, a bar mutum kaɗan a baya ko a ja kowa a mayar baya?

Jama'a, ina da amsa a littafi, shafi guda cur. A bencin nan ban samu ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba mugunta ce ke magana ba. Mutumin nan yakan zauna bayan an tashi yana koya wa duk wadda ta zo, kyauta. 'Yan baya ne dai ba sa zuwa, don tsoronsa suke ji.

Da zai tafi ya kalli agogonsa, ya ce cikin sanyin murya, “Ki taimake ni in taimake ku. Ba na son Asabar ta zo Hajiya tana fushi da gidan nan.”

Umma ta ji komai, don tagar ɗakinta a kan bencin take. Na same ta a tsakar gida ta baje sababbin labulen falo tana guga, waɗanda ta ɗinka don zuwan baƙin. Ta fitar da kofunan gilashin da ba a taɓawa, ta jera a tire, ta sa an wanke dardumar da ke naɗe a saman sif tun rasuwar Baba. Ba ta ɗaga murya ba, Umma ba ta ɗaga murya, sai dai ta danna dutsen guga kamar labulen ne ya yi laifi. Ta kira Auta ta tsayar da ita kusa da ni.

Ta ce yatsa ɗaya muke tsaye a kai a gidan nan, shi muke so mu sare. Ta ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta ce wannan Hawainiyar ai ta san uwarta, da mota ake kawo ta da mota ake ɗaukarta, in ta faɗi ubanta zai sake biya mata, in Auta ta faɗi wa zai ɗaga ta? Sannan ta juyo kaina. Ta ce ni aka ba amanar yarinya na je na cika mata kai da Turancin banza, adalci ake ci? Ta ce sa'o'ina duk suna ɗakunansu, Allah ya kawo mini mutum mai hankali mai sana'a, ina neman in kore shi da alli.

Auta na tsaye da kayan makaranta ba ta ko cire ba, safarta ɗaya ta zame. Umma ta ce gobe ta buɗe baki ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, kalma biyu ce, ba dutse aka ce ta ɗauka ba.

“Umma, in na ce mun gama, ni da wa?”

“Ke da uban wa kike so? Ke da ni.”

Auta ta sunkuyar da kai. Umma ta ce mu ɓace mata da gani, ƙamshin ƙuna yana tashi daga labulen ba ta ma lura ba.

A ɗakinmu na rufe ƙofa na zauna a bakin katifa. Na lallashe ta, na ce ba ƙarya ba ce, magana ce ta al'ada, kamar a ce maka ina gajiya ka ce ba gajiya. Ta ce ai mai cewa ba gajiya gajiyarsa yake yafewa, ba ta wani ba. Na ce to ai ba ke kika sa janareta a bayan bango ba. Ta ce haka ne, amma duk allon da aka goge a ajin nan tun suna aji ɗaya, da bakinta aka goge shi. Ta ce ita ba ta ce kowa ya yi shiru ba, ba ta haɗa kai da kowa ba, bakinta kawai ta riƙe, shi ma ashe ba nata ba ne.

Sannan ta ce, “Yaya, ke kika ce mutum ya fara duba ɗakin da yake zaune. Ko don jarrabawa kika faɗa? In don jarrabawa ne ki gaya mini, sai in haddace kawai.”

Na ce ta cire kayan makaranta kafin su yamutse. Wayata ta yi haske a kan filo: “Kin yi mata magana?” Na rubuta eh. Ya turo furen.

Da safe, kafin darasina, na fita wajen famfo in wanke hannu, sai ga Hawainiya ta biyo ni. Doguwa ce, hijabinta fari tas, takalminta ya fi nawa tsada, amma tana tafe tana raɓe-raɓe kamar wadda ake bin ta bashi. Ta gaishe ni har ƙasa. Na zaci godiya ta kawo. Sai ta ce don Allah in roƙi Auta ta bari.

Na ce ba dominki take yi ba?

Ta ce ta sani, Auta mutuniyar kirki ce. Amma da, in an goge, ba wanda ya san inda ta tsaya, sai ta rufe littafinta ta ari na wata ta kai gida. Yanzu aji guda ke juyowa yana kallon hannunta. Tana jin numfashinsu, tana jin malami yana buga ƙafa, biron yana zamewa don gumi, har harafin da ta iya ya ɓace mata. Ɗazu ma wata ta ce mata ta yi sauri mana, saboda ita za a kori mutum.

“Malama, ni ban ce a jira ni ba. Ba wanda ya tambaye ni.”

Na tsaya ruwa yana zuba a hannuna. Na ce to ke me kike so? Ta ce ita dai da za a kashe janaretan nan. Ta yi 'yar dariya don ta san ba za a kashe ba, ofishin Hajiya yake ba wa wuta. Aka buga ƙararrawa ta wuce.

Ku gaya mini, masu karatu, wa zan bi? Auta tana da gaskiya. Agogo yana da gaskiya. Umma tana da tata, yarinyar nan ma da ake yin komai dominta ga tata ta kawo. Kowa ya ɗora mini tasa a ka ya koma gefe, ni ce mai dasta.

Dabara ɗaya ta rage mini, na kwana da ita na tashi da ita. Na shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe ni, muryoyinsu ƙasa-ƙasa, duk sun ji labari. Agogo ya zo ya jingina da ƙofa, hannu a aljihu. Na ɗauki alli na rubuta layi biyu kacal, manya-manya, can sama inda kowa zai gani, ina jan kowane harafi kamar mai koyon rubutu. Na yi ta bayani a kansu har na tabbatar ta jikin bango ma ta ajiye biro. In kowa ya gama da gaske, Auta ta amsa ba ta yi ƙarya ba, shi ya ji abin da yake so, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Na kai hannu ga dasta, sai ya tako. Ya ce Malama, ba ni allin. Ya buɗe littafina da ke kan tebur, ya duba inda na sa alama, ya fara kwafe darasin a allo da wannan ƙaramin rubutun nasa mai kyau, daga sama har ƙasa, har lungun da sai ya durƙusa. Ba ƙara a ajin sai ta alli da ta janareta. Da ya gama ya kaɗe hannunsa, ya tsaya daidai lokacin da ya saba bayarwa, ba ƙari ba ragi, don ba zai cuce su ko da daƙiƙa ba. Sannan ya ɗauki dastar ya sa mini a hannu, ya koma bakin ƙofa.

Auta ta riga ta ajiye biro. Ta ɗora hannuwa a kan benci, idonta a kaina, ba fushi a ciki, jira kawai. Bayanta kawuna a duƙe, hannuwa suna gudu. Can jikin bango Hawainiya ta miƙe ta leƙa ƙasan allo, ta zauna, ta sake miƙewa.

Na ce, “Kun gama?”

Shiru. Na ga Umma da labulenta, na ga Baffa ya sa babbar rigarsa yana jiran baƙi, na ga Auta zaune a gida ranar da sa'o'inta ke shiga ɗakin jarrabawa. Na ce a raina, ki faɗa, don girman Allah ki faɗa, ni zan ɗauki zunubin. Agogo ya zaro hannu daga aljihu ya kalli tsintsiyar hannunsa.

“Mun gama, Malama.”

Daga baya muryar ta fito. Hawainiya ce. Daga inda nake tsaye ina ganin biron a hannunta, ko rabin allon ba ta kai ba, ita da yanzun nan ta miƙe tana leƙen ƙasan allo. Na kusa da ita suka dube ta, suka dubi juna, su ma suka ce mun gama, hannuwansu ba su ma daina rubutu ba. Layin baya gaba ɗaya, karo na farko tun da na san ajin.

Auta ba ta waiga ba, an hana ta. Amma na ga wuyanta ya ƙage. Ta san ƙarya ce, ta san don ita aka yi, ta kuma san in ta ci gaba da shiru ta ƙaryata su a gaban malamai.

Agogo ya ce, “Ta farko ba ta amsa ba.”

Ta ce, “Mun gama.” Da ƙyar na ji, amma ya ji, don ya gyaɗa kai.

Na juya na goge. Rubutunsa da nawa, daga sama har ƙasa. Ina jin birai suna tsayawa a bayana ɗaya bayan ɗaya, garin alli yana zuba a kan atamfata. Kunya nake ji in faɗa muku, amma a lokacin wani sanyi ne ya sauko mini a ƙirji. Na ce shi ke nan, ta tsira, Asabar ta tsira, sauran a hankali.

Sai na ji ƙarar benci. Na waiga. Auta ta miƙe, ta zuba littattafanta a jaka ba gaggawa, ta rataya. Na zaci ƙofa za ta nufa. Sai ta bi ta tsakanin layuka, 'yan mata suna janye ƙafafunsu, har ta kai bango. Ta ce wa Hawainiya ta matsa. Yarinyar ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa, ta ce don Allah ki koma. Auta ta tsaya a kanta har ta matsa. Ta zauna, ta fito da littafi da biro, ta ɗaga kai tana kallon allo. Bencin farko kusa da taga ya zauna wayam, rana tana haska shi.

A dokar makarantarmu, wadda Agogo ya rubuta da hannunsa, barin wurin zama ba izini laifi ne da ake kai wa ofishin Hajiya.

Bai dubi Auta ba. Ni ya duba, da idon nan mai taushi da yake dubana da shi a bencin ƙofar gida. Ya gyara tsayuwa, ya harɗe hannu, ya ce a hankali yadda duk ajin zai ji:

“Malama, ajinki ne. Ina jira.”